Ta Goma Sha Ɗaya a Rabon Gurjiya

Kayana na ƙulle a cikin zanen Mama an jingine a bakin ɗaki, Iya ta ce a ƙaro kara a wuta, a jawo kwandon gurjiya. Washegari kasuwar Babura ke ci, kuma Kawu ya riga ya yanke magana tun la'asar: zai ɗora ni a babur zuwa bakin titi, mu hau mota, ya miƙa ni ga dangin babana.

Shekarata takwas lokacin. A Kazaure muke haya, Mama ta rasu da damina, aka kawo ni gidansu a ƙauyenmu da ke bayan Gwiwa. Ɗakin Iya aka sa ni, wato kakata ta wajen uwa. A bayanta nake kwana, kan gadon da Mama ta kwana tana yarinya. Babana direban babbar mota ne, sai a jima ba a sa shi a ido ba. Gidansu na Babura kuwa ko mutum ɗaya ban sani ba a ciki. Ni dai abin da na sani, in aka raba ni da Iya, an raba ni da sauran abin da ya rage min na Mama.

Kar ku ce Kawu mugu ne, wallahi ba mugu ba ne. Damina ce ta yi gardama a shekarar, gero bai yi ba, rumbu ko rabi bai kai ba. Yara goma ne a gidan, nasa da na ƙaninsa da ya tafi ci-rani kudu ya yi shiru. Sai ga ni ta sha ɗaya. Ya ce ai ina da dangin uba, su ma su ɗanɗana.

To me ya hana Iya ta kira shi ta ce ba ta yarda ba? Ai uwarsa ce. Nan ne 'yan birni ba za ku gane da wuri ba. Kawu ɗan farinta ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa zama ta yi hira da shi ido da ido ba. Ga ta da jinin Fulani, kunyarta ta fi ta kowa a unguwar. In suka yi kiciɓis a tsakar gida sai ta kau da kai kamar ta ga surukinta. In saƙo ya kama dole, yaro take kira ta ce, ku gaya wa mutumin can ruwan randa ya ƙare. To maganar ruwan randa ce ake aika yaro da ita. Maganar a bar min jikata, wane yaro za ka ba?

Shi ya sa da ta ce a zo tatsuniya ranar, haushi ma na ji. Ni za a tafi da ni, ita tatsuniya ce a gabanta.

Al'adar gidan, Iya ba ta ba da tatsuniya kyauta. Hannunka na ɓarar gurjiya ko gyaɗa, kunnenka na wajenta. Wanda hannunsa ya tsaya, labari ya tsaya, sai sauran sun zungure shi. Muka kewaye wutar bayan isha'i, sanyi na dukan bayanmu, gabanmu na gasuwa. Kawu da ya saba fita majalisa wajen mai shayi, ranar bai fita ba. Yana bayan zana kusa da turken awaki yana faci, tayar babur ɗin ta yi sanyi, ga tafiya da safe. Muna jin ƙarar famfonsa.

Iya mai magana ƙasa-ƙasa ce, sai ka matso kake ji. Ranar kuwa ta buɗe murya kamar mai kiran wani a gona.

"Ga ta nan tafe, ta sha hanya."

Muka ce ta shigo, mun shimfiɗa mata tabarma.

Ta ce wata shekarar yunwa ce, a bayan duwatsun Roni, akwai wasu 'yan'uwa maza su goma, uwa ɗaya uba ɗaya. Yunwa ta ci su har irin shuka sun dafa sun cinye. Ga su da wani hali: duk abin da suka samu in aka raba ya yi saura, to a kan sauran nan sai an fasa kai. Sun taɓa tsintar 'ya'yan kanya, aka raba ɗaya ta rage, a kanta autansu ya rasa haƙorin gaba. Rannan suka ɗauki fartanya za su tone gidan tururuwa su kwashe abin da ta tara. Sara ɗaya, sai ga sarauniyar tururuwa ta fito tana kakkaɓe ƙasa a kanta. Ta ce kada su rushe mata gari, ta yi alkawari kowace safiya za su tarar da ƙwarya cike da gurjiya a ƙofarta. Sharaɗi ɗaya ne: duk wanda ya zauna a bakin ƙwaryar, rabonsa ya zama daidai da na ɗan'uwansa. In aka tauye wani, gurjiyar ta koma tsakuwa. Kuma da yake ta daɗe tana kallon faɗansu daga rami, ta ce za ta zaɓo musu adadin da ba ya barin saura.

Habu, babban ɗan Kawu, yana aji shida lokacin, ji yake duk lissafin duniya a kansa yake. Ya ce nawa ne adadin.

"Alfin da hamsaminya da ashirin."

Muka kalli juna. Ta yi tsaki, ta ce boko ya toshe mana kunne, dubu biyu da ɗari biyar da ashirin ke nan. In kuma mun manta, mu ɗauki kwanakin mako, mu buga da kwanakin wata, mu buga da watannin shekara. Bakwai sau talatin, sau sha biyu.

Ta ce in biyu suka zo, sauran na barci, ta rabu. In uku ne, ta rabu. Huɗu, biyar, shida, ta rabu. In bakwai suka zo uku na zazzaɓi, ta rabu. Takwas, tara, goma, ko ƙwaya ba ta ragewa.

Habu ya ce ƙarya ne, babu lambar da za ta yi haka, bakwai dai sai ta ba ta kunya. Ya zaro kara, ya baje toka a gefen wuta ya hau zane. Iya ta ƙyale shi, ko maganar hannunsa ya bar ɓara ba ta yi ba. Can ya ce ɗari uku da sittin. Ya share ya gwada tara, ɗari biyu da tamanin. Ya gwada takwas, ɗari uku da sha biyar. Ya ɗago yana sosa ƙeya.

"Ashe mijin nawa ya iya wani abu ban da lashe akushi," in ji Iya. "Saura ka iya cefane."

Aka kwashe da dariya, har ni na ɗan murmusa.

Ta ci gaba. Ta ce haka suka zauna shekara da shekaru. Faɗa ya ƙare, amma kullum suna tsugune a ƙofar tururuwa kamar kaji. A raba, a cinye, a kwanta, gobe a dawo. Sai wata safiya suka tarar da yarinya zaune a bakin ƙwaryar. 'Yar ƙanwarsu ce da ta yi aure a wani gari, Allah ya yi mata rasuwa.

Na ji idanu a kaina, na sunkuyar da kai cikin kwando. Ban ma lura da lokacin da famfon Kawu ya daina ƙara ba, sai dai na ji babu shi.

Babban 'yan'uwan, in ji Iya, ya je wajen sarauniya ya ce ta ƙara ƙwaya ɗaya tak. Su goma su raba nasu yadda suka saba, yarinya ta ɗauki ɗayar. Iya ta maƙale murya ta yi ta tururuwa, siririya mai tsiwa:

"Kai babba, ka san abin da ka roƙa kuwa? Wancan adadin mai dangi ne, kowa nasa. Wannan da ka ƙara wa ɗaya ba shi da kowa a duniya. Ba ya rabuwa ga biyu, ba ya rabuwa ga goma, ba ya rabuwa ga ɗari. Sai dai mutum ɗaya ya haɗiye shi duka, ko ka tara mutane yawansa kowa ya ɗau ƙwaya. Amma tunda ka roƙa, ga shi."

Suka raba, kowa ya tara tulinsa, aka cilla wa yarinya ƙwaya ɗaya. Suna kaiwa baki, ƙaras, tsakuwa. Autan nan ya rasa haƙori na biyu. Ƙananan cikinmu suka faɗi ƙasa don dariya. Da yunwa 'yan'uwan suka kwana ranar.

Washegari sarauniya ta dawo musu da adadinsu na da. Tara daga cikinsu suka ce a kori yarinyar, ai tana da dangin uba. Daga nan Iya ta rage gudu. Ta tura kara cikin wuta, ta daɗe tana gyara shi kamar wani aiki ne babba.

"Shi babban nan," ta ce, "ba mugu ba ne. Kaya ne suka yi masa yawa. Shi ne babba, kowa shi yake kallo, shi kuma ba shi da wanda zai kalla. Ya dubi yarinyar, ya ga goshin ƙanwarsa. Ya ce a matsa mata, a raba da ita."

Ta juya ga Habu ta ce tunda ga malami a kusa, a raba mata gida sha ɗaya. Habu ya duƙufa a toka, ya yi ya share, ya sake. Ya ce kowa ɗari biyu da ashirin da tara, saura ɗaya.

Saura ɗaya. Abin da ba su gani ba tun ranar da suka san tururuwa. Hannu goma suka miƙe lokaci guda, tsohon hali ya motsa. Kafin kowa ya kai, babban ya sa dunduniya ya danne ƙwayar cikin ƙasa, ya ce ba mai ci. Gobe ma ɗaya ta rage, ya ɗan matsa gaba ya danne. Jibi haka. Har aka yi layi ba wanda ya sani. Rannan hadari ya haɗo daga gabas, ruwa ya sauka. Bayan 'yan kwanaki autansu ya fita bayan gida ya dawo da gudu, wai wani abu kore ya fito a jere.

Iya ta ce duk shekarun nan ba ruwa suka rasa ba, ba ƙasa suka rasa ba. Iri suka rasa, don rabonsu ya cika daidai har ba ya barin abin shukawa. Da amfani ya nuna suka tone, suka ware iri, suka cika ƙwaryar tururuwa suka mayar mata da godiya. Daga ranar ba su sake tsugunawa a ƙofar kowa ba.

Wata ƙaramarmu ta ce, yarinyar fa?

"Ta zauna mana. Ina za ta?"

Sai ta kakkaɓe zaninta ta ce tatsuniya ta koma inda ta fito, wanda ya tsinci ƙarya a ciki ya dafa ya ci shi kaɗai. Daga bayan zana muka ji Kawu ya yi gyaran murya, ya tura babur cikin rumfa, ya shige ɗakinsa.

Da safe na sa hijabina na zauna a kan ƙullin kayana. Kawu ya turo babur tsakar gida, ya dube ni, ya dubi kayan. Iya na shara can gefen rumbu, ta ba mu baya. Sai ya ƙwala wa Habu kira.

"Kai, wa ya ce a bar kaya a hanya akuya ta ci? Kwashe ka mayar ɗakin tsohuwa."

Ya ce wa matarsa ta auno masa gurjiya tiya biyu, ba zai shiga gidan mutane hannu biyu ba. Ya ɗaure a bayan babur, ya tafi Babura shi kaɗai ya yi wa dangin babana bayani. Yana kaiwa zaure, Iya ba ta ɗago ba, tsintsiya na hannunta, ta ce da kajin da ke gabanta, ku gaya wa mutumin can Allah ya kiyaye hanya.

Kada in yi muku ƙarya, ba wani layin gurjiya da ya tsiro mana. Shekarar mun sha wuya. Malmalar tuwo ta ƙanƙance, da bazara kwaɗon rama da zogale ne suka riƙe mu, akwai ranar da Habu ya ce min da na tafi da yanzu ya ƙoshi, muka dambace. Kafin sabon gero ya shigo Kawu ya sayar da babur ɗin nan. Kasuwar Gwiwa a keken aro ya riƙa zuwa, wani lokacin a ƙafa. Ban taɓa jin ya ɗora laifin a kaina ba, ko da wasa. Shi ya kai ni firamare da hannunsa.

Yanzu lissafi nake koyarwa a wata sakandare a Kano, wannan labarin ma a cikin adaidaita sahu nake buga shi a waya, cunkoso ya riƙe mu. Abin da ya sa na tuno, yau na ba 'yan ajina lambar Iya, na ce su nemo min wadda ta fi ta ƙanƙanta da ɗaya zuwa goma duk za su raba ta. Sun yi gumi sun gaji. Babu. Ita ce ta farko.

Ni ma sai a jami'a na san haka. Malami ya rubuta 2520 a allo, ya fara jero halayenta, ni kuwa na gyara zama kamar an kira sunan garinmu a rediyo. Lambobi arba'in da takwas ne ke raba ta ba saura, kuma duk lambar da ke ƙasa da ita ba wadda ta tara masu raba ta haka. In ka tattara masu raba ta ban da ita kanta, sai su ba ka 6840, sun ninka ta fiye da sau biyu, shi ya sa ake sa ta cikin lambobi masu yalwa. In ka farfasa ta har ƙasa, biyu ne guda uku, da uku guda biyu, da biyar, da bakwai. Ina komawa ɗaki na zauna da 2521 na gwada ta da duk abin da ya kamata a gwada. Ba ta rabu ba. Tana cikin lambobin nan da ba mai raba su sai ɗaya da su kansu. Maƙwabta ne, katanga ɗaya, ɗaya mai dangi arba'in da takwas, ɗaya ba kowa. Yadda sarauniyar tururuwa ta faɗa, haka yake.

Na taɓa tambayar Iya inda ta samo. Ta ce babanta malami ne mai rabon gado, tana kai masa fura zaure tana jin yana koya wa ɗalibansa, sai adadin ya zauna mata a kai. Tururuwar fa? Ta ce wannan kuma tata ce, ita ta haɗa abinta. Na ce yaushe? Ta ce in tashi in ba ta wuri, na cika surutu kamar uwata. Har yau ina zargin tsakanin la'asar da isha'in ranar ta ƙera ta.

Akwai wani lissafin da na yi da kaina da ya fi tsaya min. In kana son lambar da za ta rabu ga kowa tun daga ɗaya har sha ɗaya ba saura, mafi ƙanƙanta ita ce 27720. Ninki sha ɗaya ke nan na abin da ke ƙwaryar. Wato da Kawu ya ce sai rumbunsa ya isa kowa daidai sannan zai riƙe ni, da har yau ana jira. Ba gidan da ke kaiwa can. Haka ake matsawa a zauna, kowa ya rage kaɗan.

Ina yarinya na ɗauka tatsuniyar tawa ce, ni ce mai albarkar da ta kawo iri. Na yi shekaru ina taƙama da haka. Sai da na girma na ga ashe yarinyar ko magana ba ta yi ba a labarin, zama kawai ta yi. Wanda ya ce a matsa mata, babban ne. Wanda ya danne ƙwayar a ƙasa, babban ne. Iya ba ta zagi ɗanta ba, ba ta kunyata shi gaban 'ya'yansa ba, ba ta karya kunyarta ba. Ta ɗinka masa riga ce ta rataye a inda zai gani, ta bar shi ya sa da kansa. Macen da ba ta taɓa riƙe alli ba ta ɗauki lamba mai gida huɗu ta yi wa marainiya lauya da ita, ta kuma ci shari'ar. In ana maganar manyan da mutum ke alfahari da su, ni tawa ke nan.

Iya ta rasu ina shekarar ƙarshe a jami'a. Kawu na gaba a masu ɗaukar makara. Har ta koma ga Allah ban ji sunansa a bakinta ba.

Da sallar da ta wuce na je gida, na raka shi kasuwar Gwiwa, yanzu da sanda yake tafiya. Wani abokinsa mai sayar da hatsi ya dube ni ya ce, Malam, ashe kana da babbar 'ya haka? Kawu ya gyara tsayuwa ya ce, "Sha ɗaya na raina a gidana. Wannan ita ke koya wa 'yan Kano lissafi." Ya faɗa da ƙarfi yadda na rumfar gaba ma za su ji.

A hanyar dawowa maganar ta zo min har baki, in ce Kawu, daren nan kana bayan zana, ka ji ta ko? Na haɗiye. Shekarunsa sun ja, ni kuma ina son in ji daga bakinsa tun yana nan. Amma su biyun sun rufe abinsu tsaf, ba wanda ya taɓa buɗewa. Ku a ganinku, in tambaye shi, ko in bar masa abinsa tsakaninsa da mahaifiyarsa?